Babi na Shida: Bindigar Injin a Motar A-kori-kura da Yadda Ake Gano Musabbabinta

An gina injin fetur a kan sharaɗi guda, wato wuta ta tashi a cikin silinda alhali ƙofofinta, wato bawuloli, suna rufe, ta kuma gama ci kafin a buɗe ƙofar da sabon mai zai shigo. Abin da direbobi ke kira bindigar injin, wasu kanikawa kuma su ce bakfaya, yana faruwa ne idan aka saɓa wa wannan sharaɗi, cakuɗar iska da fetur ta kama wuta a wajen silinda, ko dai a hanyar da iska ke shigowa ko a hanyar da hayaƙi ke fita, sai a ji ƙarar fashewa wadda wani lokaci harshen wuta kan biyo bayanta. Matsala ce ta injinan da ke dogara da tartsatsin fulogi, wato na fetur da na iskar gas. Injin dizal, wanda zafin matsi ne ke kunna masa mai, ba kasafai yake yin ta ba. Motar a-kori-kura ta fi ƙaramar motar gida saurin gamuwa da ita, domin kayan da take ɗauka, da ƙurar hanyoyin karkara, da gargadar da ke sassauta kusoshin salansa da bakunan tiyo, duk suna taruwa a kan injin da galibi ya riga ya daɗe yana aiki.

Fahimtar matsalar tana buƙatar a tuna da zagayen aiki huɗu na injin, wanda Nikolaus Otto ya kammala tsarinsa a Jamus a 1876, kuma har yau shi ne ke cikin kusan kowace motar fetur. Fistin yana sauka ya zuƙo cakuɗa ta bawul ɗin shiga, ya hau ya matse ta bawuloli suna rufe, fulogi ya ba da tartsatsi gab da fistin ya kai ƙololuwa har ƙunar ta tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta bawul ɗin fita. Sandar da fistin ke juyawa ita ce kiranshaf, sandar da ke buɗe bawuloli kuma ita ce kamshaf, kuma kamshaf tana juyi ɗaya ne duk lokacin da kiranshaf ta yi biyu. Idan injin yana juyi 3,000 a minti, kowace silinda tana kama wuta sau 25 a daƙiƙa guda, kowane hawa ko sauka na fistin kuma yana ɗaukar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. A ƙarshen korar hayaƙi akwai ɗan lokaci da bawul ɗin fita bai gama rufewa ba, na shiga kuma ya fara buɗewa, kuma duk wutar da ta yi jinkiri har ta kai wannan lokaci tana raye za ta tarar da hanya a buɗe zuwa manifol, wato bututun mai rassa da ke raba cakuɗa ga silindoji.

Daga nan ake samun tambayoyin da bincike ke farawa da su, waɗanda ba su buƙatar ko sifana. Ta farko ita ce ta wane gefe ƙarar ke fita. Bindigar hanyar shiga gajeriya ce, ana jin ta ƙarƙashin bonet kamar tari, kuma motar kan yi turjiya a daidai lokacin, alhali ta salansa tana da kaifi, daga baya take fitowa, sau da yawa motar na cikin tafiyarta ba tare da ta rage ƙarfi ba. Ta biyu ita ce a wane hali take zuwa: lokacin tayar da mota, ko da zarar an taka totur da ƙarfi, ko a hawan tudu da kaya, ko sa'ad da aka ɗaga ƙafa a gangara, da sanyin safiya ko bayan injin ya ɗauki zafi. Ta uku, wadda ta fi sauran saurin kai bakanike ga amsa, ita ce wane aiki aka yi wa motar na ƙarshe kafin matsalar ta ɓullo. Abin takaici ne yadda a gareji da yawa ake tsallake waɗannan tambayoyi a tura yaro ya sayo fulogi, idan hakan bai yi ba a juya distiributa da kunne, idan ya ƙi a kwance kafireto, har mai mota ya kashe kuɗin sassa uku ko huɗu alhali ba a auna komai ba.

Mafi yawan bindigar hanyar shiga daga ƙarancin mai take. Fetur yana ƙonewa ƙurmus idan nauyin iskar da aka haɗa shi da ita ya ninka nasa kusan sau 14.7, kuma idan iska ta zarce wannan ƙima sosai ana cewa cakuɗar ta yi tsarari. Mutane da yawa suna zaton ƙarancin mai zai sa wuta ta mutu da wuri, amma akasin haka ne ke faruwa, domin cakuɗa mai tsarari a hankali take ci, harshen wuta yana rarrafe a cikin silinda tsawon saukar fistin da hawansa, har bawul ɗin shiga ya buɗe ya tarar da ragowarta, sai sabuwar cakuɗar da ke jira a manifol ta kama. A Toyota Hilux mai injin 22R, wanda ya fara fitowa a 1981 da girman lita 2.4 da kafireto, alamar da aka fi gani ita ce tari da zarar direba ya danna totur farat ɗaya. Dalilin shi ne iska ta fi fetur sauƙin motsi, tana kwararowa nan take idan maƙogwaron kafireto ya buɗe, fetur kuwa sai ya ɗan makara, shi ya sa aka sanya wa kafireto wani ƙaramin famfo da ke tsarta mai a daidai wannan lokaci don cike giɓin. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kashe injin, a cire murfin matatar iska, a haska tocila cikin maƙogwaron, a ja totur da hannu, idan famfon lafiya lau yake za a ga siririn zaren fetur ya tsarto da ƙarfi ba tare da yankewa ba, idan kuwa ɗigo aka gani ko ba a ga komai ba, robar famfon ta mutu ko kuma datti ya toshe ƙofarsa.

Dole ne a yi wannan gwaji injin yana kashe. Leƙa kafireto yayin da wani ke taka totur, da kuma al'adar zuba fetur a bakinsa daga gora don a tayar da motar da ta ƙi tashi, su ne hanyoyin da bindigar injin ke ƙona fuskar mutum ko ta cinye mota ɗungurungum, kuma gidan matatar iska, wanda wasu ke cirewa su yar, yana daga cikin abin da ke tare harshen wutar idan ya taso.

Idan tarin yana zuwa ne a hawan tudu da kaya ko a gudu mai tsawo, amma a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, motar ba ta da matsala, hankali zai koma ga hanyar da mai ke bi daga tanki, wato matatar mai da famfon mai, domin waɗannan kan iya ciyar da injin da ke zaune amma su gaza idan buƙata ta ninka. Fetur ɗin da ake saya a galan wurin 'yan bumburutu yakan zo da ƙasa da ruwa, kuma ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki da gindin kwanon kafireto, daidai inda ake zuƙar mai. Ingancin man kansa ma yana iya zama musabbabi, kamar yadda aka gani a Nijeriya a watan Fabrairun 2022, lokacin da hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima aka kuma janye shi daga kasuwa. Metanol yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, iskar da yake buƙata ba ta kai rabin ta fetur ba, saboda haka kafireton da aka saita don fetur zalla zai riƙa ba da cakuɗa mai tsarari, ban da cin robobi da sinadarin ke yi a hanyar mai.

Akwai kuma tsararin da iskar sata ke jawowa, wato iskar da ke shiga manifol ta wata ɓaraka ba tare da ta bi ta inda ake auna ta ba. Tsagaggen tiyo, da gasket ɗin gindin kafireto ko na manifol da ya bushe, da babban tiyon da ke zuwa tukunyar taimakon birki, su ne wuraren da aka fi samun ta. Wannan matsala ta fi tsanani a silo, domin a lokacin ne zuƙar manifol ta fi ƙarfi kuma iskar halal ta fi ƙaranci, tana kuma raguwa idan aka ƙara wuta. Agogon auna zuƙa, wanda ake haɗawa da manifol ta ɗan tiyo, kayan aiki ne mai arha da ya kamata a ce kowane gareji yana da shi: lafiyayyen injin a silo yana nuna tsakanin inci 17 zuwa 21 na ma'aunin zaiba, allurar kuma tana tsaye cak. Allura da ta tsaya ƙasa da haka tana nuna iskar sata ko tartsatsi mai makara, wadda kuma ke faɗuwa tana dawowa a kai a kai tana nuna bawul ɗaya da ba ya rufewa. Sai dai a lura cewa adadin yana raguwa da kusan inci ɗaya a kowace mita 300 ta tsawon ƙasa daga teku, don haka abin da agogo zai nuna a Jos, da ke sama da mita 1,200, ba zai kai na Legas ba ko da injin ɗaya ne.

A motocin da ke fesa mai da nozul maimakon kafireto, irin Hilux mai injin 2TR-FE na lita 2.7, kwamfutar mota ce ke lissafa mai bisa rahoton na'urori masu auna iskar da ke shiga da oksijin ɗin da ya rage a hayaƙi. Tun daga motocin 1996 Amurka ta wajabta tsarin bincike na bai ɗaya mai suna OBD-II, kuma shi ne abin da na'urar da ake soka wa mota ƙarƙashin sitiyari ke karantawa. Lambar P0171 tana nufin cakuɗa ta yi tsarari, P0172 mai ya yi yawa, P0300 silindoji daban-daban suna fashin kama wuta, P0301 zuwa sama kuma suna faɗin silindar da ke fashin, yayin da P0016 ke nuna kiranshaf da kamshaf sun saɓa. Lamba tana faɗin abin da kwamfuta ta lura da shi ne kawai, gano sashen da ya lalace aikin bakanike ne, kuma a nan adadin gyaran mai, wato kason da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa don daidaita cakuɗa, ya fi lambar amfani. Idan ƙarin ya haura kashi 10 cikin ɗari a silo amma ya sauko da aka ƙara wuta, iskar sata ce. Idan kuwa yana hawa ne yayin da injin ke ɗaukar nauyi, mai ne ba ya isa, ko kuma ƙura ta lulluɓe siririyar wayar da ke auna iska har tana ba da rahoton ƙasa da abin da ya shiga. Wannan na ƙarshe ya zama ruwan dare a lokacin hunturu, musamman a motar da matatar iskarta ta yage ko ba ta zauna daidai a gidanta ba.

Rukuni na biyu na musabbabai shi ne tartsatsin da ya zo a lokacin da bai dace ba, ko ya je silindar da ba ita ke jiransa ba. Kowane injin yana da jerin kama wuta, na 22R da mafi yawan injina masu silinda huɗu a jere shi ne 1-3-4-2, kuma musanya wayoyin fulogi biyu kacal ya isa ya aika tartsatsi ga silindar da bawul ɗinta ke buɗe. Shi ya sa bindigar da ta fara ranar da aka canza fulogi ko wayoyi kusan kullum a nan take. A injinan Peugeot da yawa, ciki har da na 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, daga ɓangaren giya ake fara ƙirga silindoji, kuma bakaniken da ya saba da motocin Japan yana iya ruɗewa. Motar da aka cire wa distiributa aka mayar, ta ƙi tashi tana ta bindiga ta kafireto da salansa, galibi an dasa distiributar ne a ƙololuwar korar hayaƙi maimakon ta matsi, kuskuren da ke da sauƙin yi tunda alamar da ke jikin fulin kiranshaf tana zuwa wuri ɗaya a duka biyun. A toshe ramin fulogin silinda ta ɗaya da yatsa ana juya injin da hannu, inda iska ta turo yatsan nan ne hawan matsi.

Tartsatsi yana iya ɓata hanya ko da wayoyi suna kan tsari. Idan aka kifa murfin distiributa aka duba cikinsa da haske, wani lokaci za a ga siririn layi baƙi, kamar zanen fensir, ya tashi daga wani ƙarfe zuwa na kusa da shi, wannan gawayi ne da wuta ta shata wa kanta, kuma da zarar ya samu za ta riƙa bin sa, musamman da damina ko bayan wankin injin, lokacin da laima ta taru a ciki. Gogewa ba ta magance shi, sai dai sabon murfi. Wayoyin da rigarsu ta tsufa su ma suna yoyon wuta, ana kuma ganin haka da dare idan aka buɗe bonet injin na aiki, shuɗin haske yana tsalle daga waya zuwa ƙarfe. A manyan a-kori-kuran Chevrolet na Amurka masu tsohon injin V8, jerin kama wuta shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2, silinda ta 5 da ta 7 maƙwabta ne kuma a jere suke kamawa, saboda haka idan aka ɗaure wayoyinsu tare suka yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, wutar da ke bin ta 5 tana iya haifar da tartsatsi a ta 7 kafin lokacinta. Game da saitin lokacin tartsatsi kuwa, fitilar tayimin ce kaɗai shaida: a injin 22R-E littafin kamfani ya ba da digiri 5 kafin ƙololuwa, bayan an haɗa ƙofofin gwaji biyu da ke hana kwamfuta sa hannu. Tartsatsin da ya makara sosai yana barin wuta ta bi hayaƙi waje, har manifol ɗin salansa ya yi ja, motar ta rasa ƙarfi, ruwan lagireto ya riƙa zafi.

Idan mai da wuta duk sun fita daga zargi, saura ƙofofin kansu. Tsakanin bawul da abin da ke danna shi akwai ɗan sarari da aka bari don ƙarfe ya samu wurin miƙewa idan ya yi zafi, a 22R milimita 0.20 ne ga na shiga da 0.30 ga na fita, ana aunawa injin yana da zafi. Wasu kanikawa suna matse wannan sarari don a daina jin ƙarar ƙas-ƙas, mai mota ya ji daɗi injinsa ya yi shiru, amma bawul ɗin da aka matse ba ya zama daram a mazauninsa, kuma ta wannan zama ne yake sauke mafi yawan zafinsa zuwa kan injin. Sannu a hankali gefensa yana ƙonewa ya tsage. Bindigar da bawul ke jawowa tana da kari, tana maimaituwa daidai da juyin injin, ba kamar ta ƙarancin mai ba da ke zuwa jefi-jefi. Takarda da aka riƙe a bakin salansa tana ba da alamar farko, domin lafiyayyen injin tura ta yake yi kawai, mai ƙonannen bawul ɗin fita kuwa yakan zuƙo ta lokaci zuwa lokaci. Tabbaci yana zuwa daga agogon auna matsi, inda ake son kada silindoji su bambanta da fiye da kusan kashi 10 cikin ɗari. A zuba ɗan baƙin mai a silindar da ta gaza a sake aunawa, idan matsi ya tashi zoben fistin ne, idan bai motsa ba bawul ne ko gasket. Wanda ke da injin hura iska zai iya kai fistin ƙololuwar matsi ya hura iska ta ramin fulogi ya saurara: huci ta kafireto bawul ɗin shiga ne, ta salansa na fita ne, kumfa a lagireto kuma gasket ɗin kan injin.

Kamshaf ma tana cinyewa, kuma idan ƙullutun da ke buɗe bawul ɗin fita ya lalace, hayaƙi mai zafi yana rasa mafita sai ya koma ta manifol, abin da ake gani ƙarara idan aka cire murfin bawuloli aka juya injin, ɗaya yana motsi kaɗan saura na nutsewa sosai. Sarƙar tayimin ta 22R, a waɗanda aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1980, tana gudu ne a kan madogaran roba da ke karyewa da tsufa, alamarsu ƙarar karaf-karaf da safe, kuma sarƙar da ta saki tana iya tsallake haƙori ta gusar da lokacin bawuloli gaba ɗaya.

Bindigar salansa tana buƙatar abu uku su haɗu a bututun hayaƙi: man da bai ƙone ba, da iska, da zafi. Man yana zuwa daga silindar da ta yi fashin kama wuta, ko kafireton da ke ambaliya, ko nozul mai ɗiga, alamunsa kuma baƙin hayaƙi da warin fetur da fulogi mai baƙin toka. Iskar kuwa ta ɓaraka take shiga, domin hayaƙi a salansa bugu-bugu yake tafiya, kuma bayan kowane bugu akwai ɗan zuƙa da ke jawo iskar waje ta tsagar manifol ɗin salansa ko gasket ɗin da ya ƙone. Wannan ne ya sa motar da ke tatata a gangara idan an ɗaga ƙafa, amma lafiya lau a sauran lokuta, ake fara duba mahaɗan salansarta na kusa da injin, inda ake samun zanen baƙin hayaƙi a gefen ɓarakar da ƙarar tsit-tsit da safe wadda ke ɓacewa idan ƙarfe ya yi zafi ya kumbura. A motocin zamani man da ke zuba a salansa yana ƙonewa ne a cikin matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, har tangaran ɗin cikinta ya narke ya toshe hanya, kuma fitilar gargaɗin injin da ke ƙyaftawa maimakon ta tsaya a kunne tana nuna wannan haɗari ne. Fasa matatar a zubar, kamar yadda ake yawan yi, yana buɗe wa hayaƙi hanya, amma silindar da ke fashi tana nan yadda take, ga gubar da za a riƙa sakar wa jama'a a titi.

Tun bayan janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, masu a-kori-kura da yawa sun mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas, kuma wannan ya zo da nasa nau'in bindigar. A tsarin mai arha, wanda ke haɗa gas da iska a wuri ɗaya kafin maƙogwaron totur, manifol gaba ɗaya cike yake da cakuɗar da ke shirye ta kama, saboda haka ɗan tartsatsin da a kan fetur zai tsaya a tari yana iya fasa gidan matatar iska, ya lalata na'urar auna iska, ko ya tsaga manifol idan na roba ne. Gas ya fi fetur wuyar kunnawa, yana buƙatar wuta mai ƙarfi daga koyil, shi ya sa waya ko fulogin da ke aiki lami lafiya a kan fetur kan tona asirin kansa da zarar an juya zuwa gas. Motar da ke bindiga a kan gas kaɗai ana fara mata da sababbin wayoyi da fulogi, a ɗan rage tazarar bakin fulogin bisa umarnin masu kayan, a tabbatar cakuɗar ba ta yi tsarari ba, sannan a riƙa auna sararin bawuloli akai-akai, domin busasshen mai irin gas yana sa bawul ya riƙa nutsewa a mazauninsa har sararin ya rufe. Tsarin da ke fesa gas ta nozul dabam ga kowace silinda, a kusa da bawul ɗin shiga, ya fi tsada wajen sakawa, amma yana barin manifol da iska zalla, kuma shi ne ya dace da duk injin da manifol ɗinsa na roba ne.